Kawu Sai-Ya-Bushe da Baƙin Cikin Hoto

Jama'a a gyara zama, mai tari ya haɗiye abinsa. Ga sarkin buroshi, dodon bango, wanda tsani ke rawa in ya hango shi tafe: Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda duk layinmu ke kira Sai-Ya-Bushe. Fadarsa ɗaki ɗaya ce a bayan shagon fenti. Dakarunsa tsofaffin gwangwanaye. Kujerunsa biyu, ɗayar ma ƙafarta ɗaure take da waya.

Bakinsa ne ya ja masa sunan. Tun yana saurayi, in aka kira shi aiki, ba ya yarda mai gida ya zaɓi launi daga jikin gwangwani. Sai ya shafa kala uku a bango, ya kife bokiti ya zauna. "Ɗanyen fenti maƙaryaci ne," in ji shi, "sai ya bushe." To kafin ya bushe ɗin me za a yi? Hira. Mai gida ya jawo kujera, matarsa ta leƙo ta ce shuɗin nan ya yi duhu, yara su dangwala yatsa a kore su. A nan Kawu ke jin wa ya haihu, wa ke fama da ciwon baya, ɗan wa ya faɗi jarrabawa. Galibi ni ne. Da matarsa ta rasu, aiki kuma ya kai 'yarsa tilo can wata uwa duniya, wannan zaman jiran ne kaɗai ya rage inda ake juyowa a ce masa, "Kai kuma me ka gani?"

Sai ga ni. Ni da makaranta mun rabu lami lafiya, kowa ya gaji da kowa. Na taɓa gyaran waya, na taɓa sayar da caja, har na faɗa kan wata manhaja: ka ɗauki hoton gida, ka goga yatsa, bango ya koma kore, tagar katako ta zama gilashi, tayil da labule duk su fito kamar an gama aiki jiya. Na ce Kawu mu haɗa gwiwa, ni hoto kai buroshi. Kasuwa kuwa ta buɗe. Mai gida ya turo hoto daga ofis, ya zaɓi launi yana tsakiyar wani abin, ya bar makulli wurin mai gadi. Kawu ya shiga gida wayam, kujeru lulluɓe da leda, ba abin da yake ji sai sawunsa.

Wata rana na kai masa tiren fenti da ya manta. Na tarar da shi zaune kan bokiti, ya shafa kala ukunsa a bango, ya zuba musu ido. Gidan ko ƙuda babu.

"Kawu, ai sun riga sun zaɓa."

"Na sani," ya ce.

Daga nan maganarsa ta fara ƙanƙancewa. Gaisuwa ma sai ya amsa da ka. Innata ta ce, "Kai mai ƙafar yawo, ka riƙa leƙa min ɗan'uwana." Ina leƙawa kuwa, Allah shaida. Sai dai ni da kujera ba ma ga maciji. Daga bakin ƙofa nake jefa sallama, waya a kunne, ƙafa ɗaya ta riga ta kama hanya.

Amma kaina yana ja, wannan ko maƙiyi ya sani. Na lura mutumin da ya shafe rabin gari bai taɓa yi wa ɗakinsa fenti ba. Siminti ne tsirara, sai gefen ƙofa inda ya yi shekara da shekaru yana goge buroshi, launi kan launi. Na faki idonsa na ɗauki hoto. A cikin manhajar na share dabbaren fentin nan, na sa bango ruwan madara, na kawo doguwar kujera da darduma. Manhajar tana da wani maɓalli na zuba mutane don ɗaki ya yi kyan gani. Na danna. Ga wani mutum riƙe da kofi, ga mace tana dariya, ga yara biyu a ƙasa.

Da la'asar na same shi yana wanke buroshi. Na tsaya a ƙofa na miƙa masa wayar da hannu biyu, kamar mai ba da lambar yabo. Ya goge hannu, ya ɗora tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa wajen da dabbaren yake a da, sannan ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina yau tsoho zai zub da hawaye, gobe labarina ya cika layi.

"Ka ga fada, Kawu! Ka ga jama'a! Wa ya ce ba ka da baƙi?"

Ya miƙo min wayar, ya mayar da hannu cikin bokiti.

"Ba wanda na sani a cikinsu. In zama za ka yi ga kujera, in ba haka ba matsa, ka tare min haske."