Wuyan Bube da Kwandon Marmara

Matso kusa ka ji wani abu. Ni ba mai yawo ba ce, rayuwata duk tsakanin ƙauyenmu na wajen Danchadi da kasuwar Bodinga ta ƙare, amma abin da kunnena ya ɗauka ba ya zubewa. Jiya na ga jikana a tsakar gida yana ɗaga wani ƙarfe mai gwangwanin siminti a kowane gefe, yana ɗagawa yana leƙen damtsensa. Sai yayana Bube ya faɗo mini a rai, shi da tatsuniyar da kakarmu Tumba ta yi wata rana bayan sallar isha.

Zamanin Nasara ne. An gama girbi, mutane sun koma fadama wajen albasa, sai mai unguwa ya bi gida-gida da saƙo: za a gyara hanyar mota da ta nufi Shagari, kowane gida ya ba da namiji ɗaya. Aikin tilas ne, ba a tambayar mutum ko yana so. Kuma kowa ya san aikin: a haƙa marmara a rami, a cika kwando, a ɗora maka a ka, ka kai kan hanya, ka dawo, tun safe har rana ta yi ja.

Maza biyu ne da suka isa aiki a gidanmu. Akwai Baba, wanda ƙugunsa ya riƙe tun damina, har in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Sai Bube, saurayi da gemu bai gama fito masa ba. Baba ya ce shi zai je, ba zai tura yaro ba. Bube ya ce in Baba ya je, a kan jaki za a dawo da shi. Kullum gardamar ke nan, ranar tafiya kuwa tana matsowa.

Ran nan ko zaman kirki ba a yi ba. Kaka Tumba ta hura wuta a ƙofar ɗakinta tana gasa mana gyaɗa, mu yara mun kewaye ta, amma babu mai natsuwa. Baba ya shiga zaure ya fito, ya sake shiga. Innarmu tana ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Bube kuwa ya tsaya kusa da wuta ya naɗe hannun riga, don haske ya bugi damtsensa. Gaskiya damtse ne na gani. Tun yana ƙarami yake jan jigo a fadama, wato doguwar sandar nan mai guga da ake ɗebo ruwa da ita a shayar da albasa, hannunsa da bayansa sun murɗe kamar igiya.

"Kaka, dubi nan," in ji shi. "Wanga hannu ne Baba ka cewa na yaro?"

Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Maigidana, zauna, kana tare min iska." Haka take kiransa, irin wasan kaka da jika. Sannan ta buga cinyarta ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce, "Ta shigo ta zauna."

Ta ce wai wani gari ne mai dutsen niƙa ɗaya tal. Dodo ya zo ya sace shi, ya kai can bayan tudu, ya gaji ya yar. Gari ya shiga yunwa, ga hatsi ga ba garin tuwo. Sai maƙerin garin ya ce shi zai ɗauko. Nan Kaka ta kamo hannun ƙanena ta matsa damtsensa da kafaɗarsa, ta ce, "Ƙarhin maƙeri nan yake kwana, don nan guduma ka ci." Maƙeri ya je ya sunkuci dutse har ƙirji kamar ƙwarya. Amma da ya yi 'yar tafiya hannuwansa suka saki, ya ce bari ya ɗora a ka. Yana ɗorawa wuyansa ya lanƙwashe, ya yar da dutse ya zauna yana nishi.

Sai mai jan ruwa a rijiya ya ce a ba shi wuri. Kaka ta juya ni ta bi gadon bayana da yatsa, daga allon kafaɗa har ƙugu. "Shi kuma nashi ƙarhi nan yake." Ya ɗaura wa dutse igiya ya yi ta ja, yana ja da baya. Da aka zo hawan tudu cinyoyinsa suka kama rawa, don a bakin rijiya tsaye yake wuni, ƙafarsa ba ta san hawa da kaya ba. Shi ma ya zube.

Can sai ga wata siririyar mata mai tallan itace. Ta gwada ɗaga dutsen, ko motsi bai yi ba. Maza suka yi ta dariya. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo, ta ce, "Ni ban iya ɗagawa. Ku da kuka iya, ku aza min." Maƙeri ya ɗaga, mai jan ruwa ya tallafa, suka ɗora mata. Ta gyara tsayuwa, ta miƙe wuya, ta kama hanya ba ta tsaya ba sai tsakiyar gari.

Mu yara muka yi shewa. Kaka kuwa ta miƙa hannu ta cafki ƙeyar Bube, ta matsa, ta sauko ta matsa sharaɓarsa.

"Damtse kam Allah ya ba ka," in ji ta. "Amma wanga wuya, ko na ɗan tsako ya hi shi. Yaushe rabonka da ɗaukar kaya a ka?"

"Ni mace ce da zan ɗauki tulu?"

"To can wurin Nasara, da hannu za ka riƙe kwandon har yamma? Ko jigo za su kafa maka?"

Muka fashe da dariya. Bube ya fizge ƙafarsa ya fice, har ya tuntsurar da kaskon gyaɗa. Baba da ke tsaye bakin zaure ya ce, "Kin ji ko, Inna? Shi ya sa na ce ni za ni." Kaka ta ce, "Kai kuma naka ƙugu fa? Wuyan yaro akan gina shi. Ƙugun da ya riƙe, marmara ƙarasa shi za ta yi." Baba ya juya ya bar wurin. Na kwanta ina jin takunsa a tsakar gida.

Da safe na ɗauki tuluna za ni rijiya, sai na ga Bube a bayana da tsohon kwando, fuska a murtuke. Ya ce, "Ke, nuna min yadda kuke naɗa abin nan." Na naɗa masa gammo. Muka gangara fadama ya cika kwando da ƙasa, na taya shi ɗorawa. Wayyo, ka ga tafiya! Kai na gaba, ƙugu na baya, hannu biyu sun ƙanƙame kwando. 'Yan matan rijiya suka gan shi.

"Amarya, ina za a kai kayan ɗaki?"

"Bube, in ba ka zane ka yi ɗamara?"

Ya ci gaba da tafiyarsa. Ni da tuluna cike na riga shi isa gida, har na juye na dawo na same shi a hanya ya sauke yana murza wuya.

Da yamma ya kwanta rubda ciki, Kaka tana murza shi da man shanu. "Ina ka ciwo?" Ya nuna ƙeya, ya nuna inda wuya ya haɗu da kafaɗa, da sharaɓa, da gaban cinya. Ta ce, "Damtsen fa?" Ya ce lafiya lau. Ta ce, "To ka ji. Inda ya yi tsami, nan aiki ya taɓa." Ta hana shi cika kwando, ta ce ya fara da rabi, ya riƙa ƙarawa. Ta ce ya tsuke ciki, ya bar kallon ƙasa, in zai sauke ya lanƙwasa gwiwa kada ya sunkuya. Haka ya yi ta yi safe da yamma, tsamin yana raguwa, 'yan mata suka gaji da tsokana.

Ana gobe tafiya Baba ya bi mu fadama yana dogara sanda. Da hannunsa ya cika kwando har ya yi tozo, ya sa wani maƙwabci ya ɗora wa Bube. Muka biyo shi a baya. Ya hau gangaren fadama, ya ratsa gonaki, ya shiga gida, wuya a miƙe, hannu ɗaya yana lilo. Ya durƙusa ya sauke a gaban Kaka. Baba ya daɗe yana kallon kwandon. Sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. In helma mai kula da aikin ya zage ka, kada ka rama."

Bube ya tafi, ya dawo da ƙafarsa. Ya rame, gashin tsakiyar kansa ya cinye, har ya tsufa bai sake fitowa ba. Ya ce akwai wani ƙato daga wajen Horo Birni da ke ka da maza a kokawa, amma kwando ya sa shi kuka. Baba kuwa ƙugunsa ya saki kafin damina, ya yi noma shekaru masu yawa bayan nan.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta mace ce da ta fi maza. Sai da na girma na lura matar nan ba ta iya ɗaga dutsen ba, sai da aka ɗora mata. Kowa a cikinsu yana da inda aikinsa ya ciyar, da inda ya bari da yunwa. Ni kaina daka ya ba ni kafaɗa, niƙa ya ba ni baya, tulu ya ba ni wuya, amma zaman gida ya cinye mini gwiwa, yanzu ko kasuwar Bodinga sai a kan babur.

Jiya na kira jikan nan nawa na matsa sharaɓarsa, na ji ta lagwai-lagwai kamar tuwon da bai yi ba. Ya yi dariya ya ce tsohuwa ba ta san motsa jiki ba. Wataƙila. Amma kai da ka zauna ka saurare ni, taɓa jikinka ka gaya min: in gobe aka ɗora maka kayan da ba ka saba da shi ba, ina ne zai fara yi maka kuka?