Mushen da Kawu Ya Feɗe a Majigi

A gidan kakata ta wajen uwa na tashi, a Fagge, shekarun da ake ta maganar mulkin kai ba a kai ga samu ba. Iya muke ce mata. Da an yi sallar magariba an sauke tuwo, ba ta yarda a yayyafa wa murhu ruwa. Sai ta ja kujerarta kusa da garwashi, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa," mu kuma mu ce ta shigo ta zauna. Ina son waɗannan lokutan har raina, amma wanda ya fi zama mini a zuciya ba mai daɗi ba ne.

Mai riƙe da gidan Kawu Ɗan'azumi ne, ƙanen mahaifiyata. Mahauci ne ɗan mahauci, yana da teburinsa a rumfar pawa ta kasuwar Sabon Gari, daga nan muke ci. Sai dai Allah ya jarabce shi da son wasan kwaikwayo. Ran Asabar yakan wanke hannu ya tafi wani ɗakin taro a Sabon Gari, inda akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa ke shirya wasa. Ba a taɓa ba shi matsayin mutumin kirki ba. Shi ne dillali maƙaryaci, shi ne maigadi mai barci, shi ne tsoho marowaci. Yana da wata harara da yake yi ta gefen ido, ko mu da muka san shi sai mu ɓuya bayan Iya.

A can masu majigi suka gan shi. Suna shirya fim na jan kunne kan cin nama marar kyau, suna neman wanda zai fito a mugun mahauci mai sayar da mushe. Kawu ya karɓa da murna, har ya nuna musu yadda ake riƙe wuƙa don abin ya yi kama da gaske. Ya kuwa yi kama da gaske, abin da ya ja mana ke nan.

Majigin wancan zamani, hoto ne ke motsi a jikin farin ƙyalle, mai bayani yana gefe da lasifika yana faɗa wa jama'a abin da ke faruwa, yana ƙara gishiri yadda ya ga dama. Ranar da aka kafa ƙyallen a filin unguwarmu, mai bayanin abokin wasan Kawu ne. Da aka nuno mutum ya ja matacciyar saniya bayan gari yana waige-waige, ya durƙusa yana feɗe ta, sai ya ce cikin raha, "Jama'a, kun gane shi? Ɗan'azumin Fagge ke nan, ku ga abin da yake aikatawa in ba kowa!" Wasu suka yi dariya. Amma na ga matar da ke kusa da ni ta tofar da yawu, ta ja mayafinta ta rufe hanci.

Kashegari nama ya wuni a teburin Kawu har ya sauya launi. Jibi haka. Kafin mako ya zagayo, mutane sun fara ƙaurace wa teburan maƙwabtansa ma, ana cewa wa ya san inda suke samo nasu. Wata yamma sai ga Sarkin Pawa da dattawan rumfa a zaurenmu. Don girmama marigayi kakanmu suka zo da ƙafarsu, ba su aika a kira Kawu ba. Ko mu yara mun san abin da ya kawo su: ko ya ci gaba da tsayawa a teburin ubansa, ko a raba shi da shi.

Tuwo ya huce ba wanda ya taɓa. Mahaifiyata tana ta goge kwanon da ta riga ta goge. Mace ba ta shiga zaure ta sa baki a maganar maza, ko da ɗanta ake yanke wa hukunci. Iya ta dubi katangar da ta raba mu da su, ta ɗauki kujerarta ta matsa jikin katangar, ta ce mana ga baƙuwa a ƙofa. Muryarta ta fi ta kullum ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ta ce a wani gari akwai kududdufi mai cin yara. An yi faɗa, an yi duka, yara ba su daina zuwa ba. Sai dattawa suka ɗinka rigar fatar kura, suka ce a sami wanda zai riƙa sa ta yana kewaya bakin ruwan da yamma. Kowa ya noƙe, mutum ɗaya ya karɓa. Yara suka tsorata, kududdufi ya daina samun kowa. Ana nan sai akuyar wani ta ɓace. Aka ce wa zai ci akuya in ba kura ba? Mutanen da suka ɗinka rigar da hannunsu su ne suka raka shi bayan gari da jifa.

Nan ta dasa aya. Wata 'yar uwata ta tambaya a hankali, to kududdufin fa?

Iya ta ce, "Kududdufi yana nan inda yake, 'yar nan. Yara ma suna nan."

Sai muka ji gyaran muryar Sarkin Pawa ta bayan katanga.

"Iya, mun ji tatsuniyarki, Allah ya ƙara girma. Ni na san wasa ne, duk wanda ke zauren nan ya sani. Amma mace in ta zo sayen nama ta ga hannun nan, saniyar can za ta tuna. Ina da gidaje da yawa a wuyana. Ki yafe mini."

Iya ta miƙe. Ta ɗauki ruwa ta kashe wutar da kanta, mu kuma muka shige ɗaki ba wanda ya kore mu. Daga wannan dare Kawu bai sake tsayawa a teburin ubansa ba.

Da layya ta zo ba gidan da ya kira Kawu fiɗa sai namu. Iya ta sa ya feɗe ragonta a ƙofar gida kowa yana gani, ta raba naman ta aika wa maƙwabta. Wasu suka karɓa, wasu suka dawo da shi da uzuri mai laushi. Daga nan Kawu ya koma wasa gaba ɗaya: dandalin Sabon Gari, rediyo, daga baya talabijin. Ya tsufa yana fitowa a mugu, yara suna bin sa a titi suna kwaikwayon hararar tasa, manya suna miƙo masa hannu da fara'a.

Ina yarinya na ɗauka mutanen garin tatsuniyar wawaye ne da ba su gane mutum ne a cikin fatar ba. Sai da na girma na fahimci sun gane sarai, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan har yau. Mutum yakan san gaskiya a ƙwaƙwalwarsa, cikinsa ya ƙi yarda, kuma cikin ne ke zuwa kasuwa.

Na taɓa tambayar Kawu, bayan gemunsa ya yi fari, ko yana nadama. Ya yi dariya ya ce a'a, wasa ya rufa masa asiri. Sai kuma ya ƙara da cewa:

"Abu ɗaya ne. In na wuce ta rumfa na ga yaro yana ɓata fata da wuƙa, sai in ji kamar in karɓa in nuna masa. Sai in sa hannuna a aljihu in wuce."