Wuƙar da Ta Rasa Kube

A gidanmu na maƙera, can wani ƙauye cikin Kurfai, in ɗiya mace ta dawo goyon ciki ana ƙera mata ƴar wuƙa wadda ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Da ita za ta riƙa zagayawa bayan gida, ita za ta aje wajen kan jinjiri har a yi arba'in, don iskoki ba su son baƙin ƙarfe. Macen da mijinta ya rasu, ita ma irin wannan wuƙar ake ba ta, ta riƙe har ta fita takaba. Ƙarfen ɗaya ne, ƙotar ɗaya ce. Kube ne kawai ya raba su: na mai jego jar fatar akuya ce da ƴan tuntaye, na mai takaba kuwa farar fata ce tsura, ba rini ba ado. Duk wanda ya ga kube a ƙugun mace a garinmu ya san irin gaisuwar da zai yi mata.

Baba ne ke wannan aiki. Da ya rasu sai ya faɗo kaina, ni da na daɗe da barin maƙera na koma Filinge ina sudur, wato walda, ina liƙe amalanke da ƙofofin mutane.

Shekarar da ƙanwata ta dawo gida da cikin fari, bayan an gama yankan gero, mijinta ya shiga motar kasuwa zuwa Abala zai sayo awaki. Motar ba ta dawo ba. Munka kira wayarsa har munka gaji. Da farko munka ce rezo ne, layin waya ne babu, don hanyar nan ko lafiya lau sai ka hau tudu kake samun mutum. Sai magana ta fara shigowa, kowa da tasa. Wani ya ce masu bindiga sunka tare motar, sunka sauke mata, sunka wuce da maza. Wani ya ce an ga ƙonanniyar mota cikin kwari. Wani ya rantse ya ga mai kama da shi da rai can wajen iyaka. Na je wajen jandarma, sunka ɗauki sunansa sunka ce mu jira. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, ko abinci na sa a baki kamar ina tauna rairayi.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarmu, ta aiko in zo in ƙera wuƙa, watan haihuwa ya kama.

Da na iso na ja ta bayan rumbu na tambaye ta wane kube zan ɗinka. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe birni ya cinye mini hankali, ciki ta aiko in yi wa aiki, ba ta aiko in yi mata duba ba. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce to ai ni zan zauna da basilla a hannu, ba ita ba. Ta juya ta bar ni nan tsaye.

Rumfar maƙerar Baba na ƙofar gida, tana kallon hanyar mota. Na share ta, na shafa wa zuga-zugi mai don fatar ta bushe ƙamas, na samo gawayin ƙirya. Guntun sifirin ɗin mota na zo da shi daga garaji, shi ne ƙarfen da ke riƙe kaifi. Na hura wuta, na kama shi da awartaki, na ɗora bisa uwar maƙera. Hannu bai manta ba, amma hankalina ba ya wurin. Duk motar da ta yi ƙugi daga arewa sai masaba ta tsaya mini a sama, in bi ta da ido har ƙurarta ta kwanta, kafin in waiwayo ƙarfe ya huce. Wuƙar farko ma da na tsoma ta a ruwa ji na yi ƙas, ta tsage tun daga baki har tsakiya. Na san sarai wuta ce ta yi mata yawa, Baba ya sha ranƙwashina a kan wannan. Duk da haka na tura ta ƙarƙashin toka don kada kowa ya gani ya ce alama ce.

Ta biyu ta fito lafiya. Na goge ta da magagari, na feƙe ƙota da icen aduwa, na ƙona wutsiyar ƙarfen na zura ta ciki har hayaƙi ya tashi. Na wasa ta a dutse na gwada a gashin hannuna, tana aski. Ƴar ƙarama, gwanin kyau, amma ko kallonta ba na son yi.

Saura kube. Na fere ƴan itatuwa biyu sirara waɗanda wuƙa za ta kwanta tsakaninsu, na yanka jar fatar da Inna ta aje tun cikin na ƙarami, na jiƙa ta, na fara ɗinki. A nan ne tunani ya hana ni sakat. Aikina na Filinge, hanya kuma ta zama abin da ta zama. In labari ya zo bayan na tafi, wa zai ɗinka ɗayan? Sai a bar yarinya ta shiga takaba da jan kube mai tuntu, mata na yi mata kallo? Akwai ragowar farar fata rataye a rumfar tun zamanin Baba. Na sauko da ita na yanka, na ɗinke farin kube maza-maza kamar ɓarawo, na tura ƙarƙashin buzun da nake zaune a kai. Mutum mai sana'a haka yake, shina shirya abu kafin a nema. Har gobe ban ga inda na kauce ba.

Wajen la'asar ƙanwata ta kawo mini fura. Tun da na zo ba mu yi wata magana ba bayan gaisuwa, ta rame sai ciki a gaba da idanu. Ta kasa durƙusawa, sai na tashi in karɓi ƙwaryar, ƙafata ta ja buzun, farin kuben ya fito fili.

Ta ƙura masa ido.

Ta ce, "Yaya, wa yag gaya maka?"

Na rantse mata da Allah ba wanda ya gaya mini kome. Na rantse da kabarin Baba. Na yi ta bayani, hanya, aiki, nisa, ina jin bakina na zuba kamar na mai talla. Ba ta ko dube ni ba.

"In ka ji wani abu ka faɗa mini yanzu. Kar ka bari in haihu tukuna."

"Ban ji ba. Wallahi ban ji ba."

"To don mi kaɗ ɗinka shi?"

Na ɗauko jan kuben na miƙa mata da hannu biyu, na ce ga naki, wancan zan jefa shi wuta yanzun nan a gabanki. Ta ce kar in ƙona, ba ta sani ba ko nata ne. Ta aje furar, ta ɗauki wuƙar tsirara daga bisa uwar maƙera, ta naɗe bakinta da gefen zane ta shige gida. Inna ta fito ta wanke ni tas, har maƙwabta na leƙe ta bisa darni. Ni kuwa kunnena na wajen hanya.

Ta haifi namiji. Anka yi suna ba uba, ba kiɗa, tsirarar wuƙa na wajen kan yaro. Anka yi arba'in. Malamin garinmu ya ce ba a shiga takabar wanda ba a tabbatar da rasuwarsa ba, sai dai haƙuri da jira. Har yau ba gawa, ba murya, kuma duk baƙuwar lambar da ta kira ni sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Da damanar bara yaron, wanda yanzu gudu yake ko'ina, ya lalubo wuƙar a ƙarƙashin matashin uwarsa ya yanke yatsa. Da na ji raina ya ɓaci, na kama hanya da jan kuben a aljihu. Na same ta tana sussuka. Na ce wannan taurin kai ya isa, ko don yaron nan ta sa wuƙar a kube.

Ta tsayar da taɓarya, ta dubi abin da ke hannuna.

"Jego ya wuce, Yaya," ta ce. "Ɗayan kuwa ba ni karɓa tai sai ka kawo mini wanda yag ga gawar mijina da idonai."