Watannin Mushtari a Bakin Njuwa

Jiya jikata ta nuna min hoton duniyar Mushtari a waya, watanninta kewaye da ita. Nan take ƙamshin bandar kifin Bappa ya dawo min a hanci.

Bappa yayan mahaifina ne, masunci a tafkin Njuwa. Duk ƙarshen Sha'aban sai ya sa kwalli, ya tsaya bakin ruwa da magariba yana duban jinjirin wata. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, ina aji shida a Jimeta.

Ran nan muna tsaye mu uku, ni da Baba da Bappa, laka na sanyaya mana ƙafa, na ce malaminmu ya ce watannin Mushtari sun fi goma.

Ran Baba ya ɓaci. "Saɓon da ake koya miki ke nan? Daga yau kin gama boko."

Bappa bai sauke ido daga sama ba. "Haba ƙanena, wanda Ya rataya ɗaya, goma ne za su gagare Shi?" Sai ya yi dariya. "Ni masu duban wata na can nake tausayi. Guda ɗaya ma ga yadda wuyana ke ciwo." Ya dafa kaina. "Bar ta ta ƙirgo mana sauran."

Baba bai sake tada maganar ba. Na koma aji, daga baya na koyar da darasin nan har na yi ritaya.

Bappa, har yau ana ƙirgawa, ana gano sababbi. Allah Ya haskaka kabarinka fiye da haskensu duka.