Waifa Cikin Rani

Jiya a kwanar Sifawa wata mota za ta juya, maimakon sigina sai waifa ta hau sharar busasshen gilashi. Mutane suka yi dariya. Ni kuwa gangarawa na yi gefen titi na tsaya, don Kawu ne ya faɗo mini a rai.

Wagon ɗinsa 'yar Japan ce, fara, mai dogon baya, kullum cikinta warin albasa da baƙin mai. An mayar da sitiyarinta hagu kafin ta iso Bodinga, amma sandar sigina tana dama, hannunsa kuwa ya saba da hagu. Duk kwanar da zai sha, sai waifa ta yi ta ƙiiƙ-ƙiiƙ.

Wata rana muna dawowa daga Shagari, saura kaɗan mai babur ya shige ƙarƙashinmu. Na daka masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba: "Kawu, ka kai a juya sandar nan kafin ka kashe mutum!"

Sai ya ce, "Ɗana, baƙuwa ta. An raba ta da garinsu, an juye mata sitiyari. Wagga sanda ɗai ta rage mata. Laihina na."

Daga ranar, hannu yake fitarwa ta taga in zai juya, ko ana ruwa.

Motar tana wurina yanzu. Sau biyu makanike ya ce zai gyara, na hana.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, ko da ya manta ya miƙo hagu.