Lado Bai Yarda A Goge Ba

Kafin mahauta su gama rataye nama a bakin kasuwar Batsari, Lado ya riga ya buɗe 'yar rumfarsa ta kwano. Zai share, ya shimfiɗa tsohon buhu a kan tebur, ya jera sukurdireba da tsohon buroshin haƙori da 'yar robar hura iska. Sai ya zauna jiran marasa lafiya. Haka yake kiran kwamfutocin mutane.

Hamidu mai nama, maƙwabcinsa, ba ya barinsa ya sha iska. "Likita, yau wa za a yi wa tiyata da buroshi?"

"Da kai zan fara," in ji Lado. "Kanka ya fi kowace kwamfuta nauyi."

Wannan rahar ta kusa ƙarewa. Idon Lado ya ja baya, har ƙananan kusoshi sai ya lalubo su da yatsa. Ya ce da an yanke geron bana zai rufe rumfar. Gara a san shi tun yana zaune a ciki.

Aikinsa ba na burgewa ba ne. Idan kwamfuta ta yi nauyi, a danna ta tsaya tana nazari, masu gaggawa magani ɗaya suka sani: a goge komai, a zuba sabo. Lado ba ya yi. Zai buɗe ta ya share fanka, ya kwashe tarkacen da suka taru a cikinta, ya kashe manhajojin da ke tashi tare da ita ba a gayyace su ba. Malaman makaranta tun daga Safana suke hawo babur su kawo masa, saboda sun san abin da suka ajiye ba zai salwanta a hannunsa ba.

Amma ranar da 'yan kasuwa ba su manta ba ita ce ranar da Inna Hansai ta zo.

Tsohuwa ce mutuniyar Runka, gudun hijira ya kawo ta Batsari. Ta ajiye wani ƙunshi a kan tebur, ta warware zane biyu kafin kwamfutar ta fito.

"Ta ɗana ce, Shafi'u mai hoto," ta ce. "'Yan bindiga suka tare su a hanyar Tsaskiya. Bai dawo ba. Akwai muryarsa a ciki, ta ranar sunan 'yarsa. Matarsa tana kunna mini, sai kwamfutar ta yi ta gurnani, ta ɗauki zafi, ta mutu kafin ya yi magana."

"An kai ta wani wuri, Inna?"

"An kai. Mai gyaran ya ce sai an goge komai. Na ce har da Shafi'u? Ya ce har da shi. Na naɗe abata."

Lado ya kwance bayanta. Sai ga ƙaiƙayi ya zubo, da ƙwayoyin gero, har da matattun ƙwari cunkushe a fanka. Hamidu ya leƙo ya tuntsire da dariya. "Inna, wannan ai inji za a kai ta, a yi mana fura!"

"A buhun gero na tusa ta da za mu gudo, ɗan nan," ta ce ba ta ko kalle shi ba. "Duk wanda 'yan bindiga suka gani da irin wannan a hanya, mai kuɗi ne a wurinsu."

Hamidu ya koma wurin namansa.

Lado ya kasa kunne ya ji wani ɗan ƙas-ƙas daga ma'ajiyarta. Ya san in ta sake ɗaukar zafi sau ɗaya, da wuya ta tashi. Ya sunkuya har hancinsa na taɓa ƙarfen, yana tsince ƙaiƙayi da tsinke, hawaye na zuba daga idon da ya gaji. Wata kusa ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya durƙusa yana lalube cikin turɓaya har ya same ta.

Da ta kunnu, sai ya tarar ta cika maƙil da hotunan biki da suna na mutanen Runka. Hanya mafi sauƙi ita ce ya zubar da su ta samu numfashi. Bai taɓa ko ɗaya ba. "Waɗannan ma 'ya'yan wasu ne," ya ce. Ya bi tarkace kawai yana kwashewa, a hankali, har la'asar ta yi. Sannan ya juyo da fuskar kwamfutar wajenta.

Wani matashi ya bayyana yana dariya, jaririya a hannunsa.

"Inna, ki daina ɓoye fuska! Hoto ba ya cizo!"

Inna Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska, daidai yadda ta yi a cikin hoton. Can ta ce, "Maimaita mini, Malam."

Ya maimaita. Ya juye mata komai a filashi, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya ce kada a ɗora ta a kan katifa, kada a lulluɓe ta tana kunne, kuma a riƙa kawo ta ana share fankar.

"In ka rufe rumfar fa, wa zan kai wa?" ta ce.

Lado ya jawo zanen ya shiga naɗe mata kwamfutar.

Kai ne, Lado, mai buroshi da haƙuri. Kai ne ka san cewa abin da ke cikin kwamfuta ba duka ne tarkace ba. Har yau 'yan Runka suna sallama a ƙofar Inna Hansai, kowa na neman fuskar nasa a cikin hotunan da ka ƙi zubarwa. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka ciwon idon nan.

Ku kuma samari masu saurin gogewa, bencin rumfarsa ba kowa. Ku je ku zauna, ku riƙe masa kusa, ku ga yadda ake yi. Inna Hansai tana jiran amsa, gero kuwa ya riga ya fitar da kai.