Ƙuri'ar da Leokadia Ta Ƙi Faɗa

Duk ranar da take da zama, Leokadia Wrona kan watsa wa kajinta tsaba, ta bi motar safe zuwa kotun gunduma, ta zura baƙar riga, ta zauna gefen alƙali. Ba ta taɓa karatun shari'a ba. Majalisar gari ce ta zaɓe ta, ita da wani tsohon direban jirgin ƙasa, su riƙa zama da alƙali mai albashi, kuma ƙuri'ar kowannensu daidai take da tasa. Mu 'yan ƙauye har yau ba mu gane matsayinta ba. Wasu su ce alƙaliya ce, wasu su ce 'yar rakiya.

Ana nan sai aka kori wani ɗan ƙauyenmu, Zenon, daga masana'antar katako, ya kai ƙara gaban su Leokadia, bai yi nasara ba. Uwarsa Genowefa, wadda benci ɗaya suke zama da Leokadia a coci, ta tare ta a bakin shago, muna tsaye.

"Maƙwabciya, faɗa mini kawai. Kin tsaya wa ɗana, ko ke ma kin bi alƙali?"

"Abin da aka yi a ɗakin shawara ba ya fita. Na yi rantsuwa."

"Ko albashi ba a ba ki, amma kin fi mai albashin taurin kai."

Genowefa ta sake benci. Ƙauye ya rabu biyu, kowa da nasa hasashen, ba mai hujja. Leokadia kanta ta rikice, ta ce wa 'yarta ba ta san ko doka take karewa ba, ko ƙawa kawai take asara.

Leokadia, ke ce mai bakin da bai saya wa kansa sauƙi ba. Kalma ɗaya, ko da ƙarya ce, da ta dawo miki da Genowefa.

Bana shekaru suka sa ta ajiye rigar. A wurin walimar ban kwana Genowefa ta shigo da sandarta.

"To, yanzu fa? Kin sauka."

Leokadia ta girgiza kai, idonta cike da hawaye.

"Kin bar ni ban san ko yafe miki zan yi ba, ko godiya," in ji Genowefa. Ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

Mun gode, Leokadia, ko da ba mu san me kika zaɓa ba. Majalisa na neman wanda zai gaje ki. Duk mai iya riƙe bakinsa alhali zuciyarsa na ciwo, ya fito.